FILIN KIƊA: Faifan da ya yi shekara goma yana jira

Wani ɗan'uwa ya rubuto mana daga ƙasar Tasawa. Ya ce ya ji wani kiɗa a rediyo da dare, aka ce sunansa jaz. Ya kasa kunne har aka gama bai gane inda aka dosa ba. Yana tambaya: shin masu wannan kiɗa sun san abin da suke yi, ko kowa gabansa yake ci?

To ɗan'uwa, sun sani. Jaz kiɗa ne na baƙar fatar Amurka, jikokin bayi. Ya taso a garin New Orleans wajen farkon shekarun 1900. Ga yadda ake yin sa: makaɗa su shirya kan wani ɗan gajeren take, su busa shi tare. Daga nan sai ɗaya ya ɗauka, ya juya shi yadda ransa ya ba shi nan take, sauran suna saurare suna ba shi amsa. Hira ce. Wanda ya taɓa tsayawa wurin dambe ya ga yadda mai kalangu ke bin ƙafar ɗan wasa ya riga ya san rabin abin.

Bari mu ba da misali da faifai guda, mai suna Rejoice, wanda ya fito ran 20 ga watan Maris na 2020. Na tsofaffi biyu ne.

Na farko Tony Allen, haifaffen Ikko a 1940. Makaɗin gangunan Turawa ne, irin waɗanda mutum ɗaya ke zama a tsakiyarsu, hannu biyu da ƙafa biyu duk suna aiki. Ya koyi da yawa ta sauraren faya-fayan Art Blakey da Max Roach, manyan makaɗan jaz na Amurka. Shi ne ya riƙe wa Fela Kuti ganga daga 1964 har wajen 1979. Bayan haka ya koma Faransa da zama.

Na biyu Hugh Masekela, ɗan Afirka ta Kudu, an haife shi a 1939. Shi mai busa ne. Ƙahonsa na ƙarfe ne, dangin begilar soja, amma muryarsa ta fi taushi. Mulkin wariyar fata ya sa ya bar gida a 1960, bai koma da zama ba sai bayan shekara talatin. A 1968 wani kiɗa nasa ya hau kan dukan faya-fayan Amurka wajen kasuwa.

Ta hannun Fela suka san juna. Shekara da shekaru suna cewa za su yi faifai tare, abin bai yiwu ba, kowa na yawon cin abincinsa. Sai a 2010 hanya ta haɗa su a Ingila. Wani Bature mai fitar da faya-fayai, Nick Gold, ya shigar da su ɗakin ɗaukar murya a Landan. Ba su zo da jama'a ba. Ganga ce da ƙaho, sai muryarsu jefi-jefi. Allen ya ɗora kiɗa, Masekela ya saurara, ya hau kai. Suka tashi da niyyar dawowa su ƙarasa, aka ajiye abin da aka ɗauka.

Ba su dawo ba. A watan Janairu na 2018 Masekela ya rasu a Johannesburg, yana da shekara 78.

Nan ne maganar take. Aikin da mamaci ya bari bai gama ba, a taɓa shi ko a bar shi? Allen da Gold suka nemi yardar magadan Masekela, aka ba su. A 2019 suka koma ɗakin nan na Landan, suka kira waɗansu makaɗa, yawancinsu samari, su cika gurbin da ya rage. Akwai Tom Herbert da Mutale Chashi masu jita mai babbar murya, da Joe Armon-Jones mai piyano, da Steve Williamson mai busa. Waɗansunsu ba a haife su ba sa'ad da Masekela ke gudun hijira.

Na saurari faifan nan sau da yawa, kiɗa takwas ne a ciki. Ga abin da kunnena ya ji. Samarin sun yi ladabi. Ba wanda ya tsallaka gaban dattijo, sun tsaya baya kamar ƴan amshin kirki. Amma akwai abu guda da ba gwanintar da za ta gyara shi. Su suna jin Masekela, suna amsa masa. Shi kuwa bai taɓa jin su ba. In mai jita ya jefa masa magana, ƙahon wucewa yake yi abinsa, don ganga kaɗai yake saurare, gangar 2010. Saboda haka in kun samu faifan, ku bar sauran, ku bi ganga da ƙaho. Can ne hirar gaskiya take. Ku lura da hannun Allen: ba ya dukan fata da ƙarfi, shafa ta yake yi, kamar mai sheƙa hatsi, amma ko kaɗan ba ya kuskure lokaci.

Waɗansu za su ce da an fitar da shi yadda tsofaffin suka bar shi, ganga da ƙaho tsirara. Ni ma da na so in ji wannan. Sai dai ban ga laifin Allen ba. Rabin aikin nasa ne, alkawarin kuma da shi aka yi. Cikin faifan har akwai waƙar da suka yi don tunawa da Fela, wanda ya rasu a 1997.

Faifan ya fito daidai lokacin da cutar korona ta sa aka rufe wuraren wasa a Turai. Kwana 41 bayan fitarsa, ran 30 ga Afrilu na 2020, Tony Allen ya rasu a birnin Pari, yana da shekara 79.

Shi Joe Armon-Jones da muka ambata, yana cikin wata ƙungiyar samari ta Landan mai suna Ezra Collective. Makaɗin gangarsu, Femi Koleoso, ɗan asalin Najeriya ne, ya kuma ɗauki darasi wurin Allen. A 2023 faifansu ya ci kyautar Mercury ta Ingila, karo na farko ke nan da masu jaz suka ci ta. Su za mu duba a wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Ɗan'uwa na Tasawa, kafin nan ka sake kasa kunne, ka rubuto mana abin da ka ji.