Kallon ƙwallo a waya bai kamo ƙafar gidan kallo ba a Jega da Aliero da Maiyama

A daren da ake buga Gasar Zakarun Turai, matashin da ya zaɓi kallon wasa a wayarsa yakan ji sakamako kafin ya gani. Ɗan wasa yana gyara ƙwallo zai buga kwana, sai ihu ya ɓarke daga gidan kallon da ke layin baya. An riga an ci. Shi kuwa sai ya jira rabin minti ko fiye kafin wayarsa ta nuna masa abin da unguwa ta gama murnarsa. Duk da haka ana ta yayata cewa zamanin gidan kallo ya wuce, wai kowa na da talabijin a aljihunsa. A garuruwa irin su Jega da Aliero da Maiyama wannan magana ba ta tsayu ba.

Jinkirin nan ba laifin wayar ba ne, ko Tecno ce ko iPhone. Hoton da ke zuwa gidan kallo yana saukowa ne daga tauraron ɗan'adam da ke nisan kusan kilomita 36,000 a sama, kuma daƙiƙu kaɗan ne ke tsakaninsa da abin da ke faruwa a fili. Wanda ke zuwa ta intanet kuwa sai an yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ta 'yan daƙiƙu, sannan manhaja ta tara guda biyu ko uku a ajiye kafin ta fara nunawa, don kada hoton ya riƙa tsayawa idan sabis ya yi rauni. Nan ake asarar daƙiƙa 30 zuwa minti guda. In tashar ta sata ce, wadda wani ya kwafo ya sake watsawa, jinkirin ya fi haka. Abin dariyar shi ne manhajojin sakamako rubutu kawai suke aikowa, don haka saƙonsu ke riga hoto isowa. Waya ɗaya ce ke nuna wasan, ita ce kuma ke tona asirinsa.

Sai batun kuɗi, wanda shi ya fi ci wa matasa tuwo a ƙwarya. Wasa ɗaya da hutun rabin lokaci da ƙarin mintuna yana cin kusan awa biyu. A matsakaicin hoto na 480p zai lashe wajen gigabait ɗaya, a 720p ya kan kai biyu ko ya haura. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Ɗalibi a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero da ke son ganin wasan ƙungiyarsa sau biyu a mako zai ƙone datar da ya kamata ta kai shi ƙarshen wata cikin kwana goma. Ga batir da zai sauka, ga kuɗin mai caji, ga zafin Afrilu da Mayu, lokacin da gasar Turai ke kai wa matakin da ba a son a rasa, kuma lokacin da zafin Kebbi ke haura digiri 40 har waya ta fara rage hasken fuskarta da kanta.

Mai gidan kallo ma ba hutu yake ba. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 janareta ta zama abokiyar gaba, kuma a Maris na 2025 MultiChoice ya ɗaga kuɗin babban tsarinsa na DStv zuwa naira 44,500 a wata. Bambancin shi ne nauyin nan a kan kawuna da yawa yake rabuwa. Faranti ɗaya, dikoda ɗaya, mutum ɗari na kallo, kuma in sun zama ɗari biyu hoton ba zai ragu da komai ba. Intanet ɗin waya ba haka yake aiki ba. Kowace waya tana jan nata hoton daban daga turken sabis, turken kuma yana raba ƙarfinsa ne tsakanin duk waɗanda ke kansa. Idan matasa ɗari a unguwa ɗaya suka buɗe wasa ɗaya a lokaci ɗaya, sai kowa ya koma kallon da'irar nan mai juyawa. Fasahar 5G da MTN ya ƙaddamar a 2022 ta fara ne daga manyan birane irin su Legas da Abuja da Kano. Dabarar tara mutane a ƙarƙashin kwano ɗaya, wadda wasu ke gani tsohon yayi, ita ce mafi arhar hanyar isar da wasa ga jama'a a gari irin Maiyama.

Har ma akwai gatan da mai zama a bencin gidan kallo ke da shi wanda Baturen Manchester bai samu ba: a Ingila doka ce ta hukumomin ƙwallo ba a nuna wasannin ƙarfe uku na ranar Asabar kai-tsaye a talabijin, amma a nan ana ganin su.

Haɗarin da ba a cika faɗa ba yana cikin manhajojin kallon kyauta da ake tura wa juna ta Xender ko WhatsApp. Ba daga Play Store suke ba, sai mutum ya buɗe wa wayarsa ƙofar karɓar manhaja daga waje kafin su shiga. Wasu sukan nemi izinin karanta saƙonni da lambobin waya. Me manhajar kallon ƙwallo za ta yi da saƙonnin mutum? A cikin saƙonnin nan ne lambar sirri ta banki ke shigowa. Yaron da ke karɓar kuɗin albasar mahaifinsa ta waya a kasuwar Aliero, ko mai shago a Jega da duk cinikinsa ke shiga asusun da ke kan wayarsa, bai kamata ya jingina wannan da wasan minti 90 ba. Kuma kusan duk irin waɗannan tashoshi tallan caca ne ke ɗaukar nauyinsu, ana danna kuskure sai ga shafin yin rajista.

Amma babban abin da waya ba ta iya bayarwa shi ne musu irin na gaba da gaba. Rabin daɗin ƙwallo musu ne. Ɗan Arsenal ya tsokani ɗan United, ɗan Madrid ya ƙirga wa ɗan Barcelona kofuna, a yi ta yi har a watse. Bahaushe bai jahilci wannan ba, ya gaje shi. Wasan da ke tsakanin Kanawa da Zazzagawa, ko Fulani da Barebari, ko Gobirawa da Yarbawa, tsokana ce mai zafi amma mai iyaka, kuma kowa ya san inda iyakar take. Gidan kallo a kan wannan tsarin yake tafiya. Wanda ake tsokana yana nan zaune, gobe za a haɗu da shi a masallaci ko a tasha. Abokin yayan mutum yana bencin baya yana ji. Wanda ya zagi iyaye, mai gida zai mayar masa da kuɗinsa ya nuna masa ƙofa, kuma ba wanda zai ce an tauye masa haƙƙi. Kowa na da bakin magana, amma kowa da fuskarsa yake magana.

A waya fuskar ce ke ɓacewa. Ranar 11 ga Fabrairun 2024 Kwaddibuwa ta doke Najeriya da ci 2 da 1 a wasan ƙarshe na Kofin Afirka a Abidjan. Washegari aka yi wa Alex Iwobi rubdugu da zagi a Instagram har ya kwashe hotunansa, sai da Ahmed Musa ya fito ya roƙi jama'a su daina. Ba shakka a daren an soki Iwobi a gidajen kallo daga Jega har Yawuri, kuma mai kallo na da damar sukar ɗan wasa. Sai dai waccan sukar a cikin ɗaki ta tsaya, wani ya ce bai taka komai ba, wani ya ce koci ne ya ajiye shi inda bai dace ba, aka tashi. Wadda aka rubuta a waya ita ce ta je har aljihun ɗan wasan, dubbai a lokaci ɗaya, daga mutanen da da yawansu ba za su iya faɗa masa haka ido da ido ba. Haka aka yi wa Bukayo Saka da Marcus Rashford da Jadon Sancho a Yulin 2021 bayan sun ɓarar da fenareti, nasu har da cin zarafin launin fata.

Wannan ba ya nufin gidan kallo ba shi da aibi. A Afrilun 2017 babbar wayar lantarki ta faɗo kan wani gidan kallo a Kalaba ana tsaka da wasan Manchester United da Anderlecht, mutane suka rasu. A Yunin 2014 an kai harin bam wurin kallon Kofin Duniya a Damaturu. Da yawa daga gidajen kallon ƙananan garuruwa rumfar kwano ce mai ƙofa ɗaya, wayoyin wuta a tsirara, janareta na hayaƙi a jikin bango. Ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama na da ikon cewa ba za a buɗe irin wannan wuri ba sai da ƙofa biyu, sai an duba wayoyinsa, kuma kada ya kasance ƙarƙashin babban layin wuta. Masu gidajen kuma lissafin sola ya kamata su zauna su yi. Talabijin na zamani mai inci 55 bai wuce wat 100 da ɗoriya ba, dikoda ba ta kai rabin haka ba. Fankoki ne ke da ci. Inbata matsakaiciya da batir mai kyau za su ɗauki wasan dare ba tare da ƙarar da ke hana jin mai sharhi ba.

Akwai kuma waɗanda gidan kallo bai taɓa buɗe wa ƙofa ba. Budurwar da ke son Barcelona a Maiyama ba za ta shiga rumfar maza ƙarfe tara na dare ba, kuma ba mai barin ta. Haka yaron da iyayensa suka hana fita, da direban da dare ya yi wa a hanyar Koko. A wurin waɗannan waya ita ce kaɗai hanya, kuma a nan ta yi abin da faranti bai yi ba. Abin da ya rage musu shi ne su rage asara: a sauke hoto zuwa 480p, a kashe sanarwar manhajojin sakamako kafin a take wasa, a ƙi duk manhajar da ta nemi izinin saƙonni. In data ta yi ƙasa, sharhin murya kaɗai bai cika wuce megabait 30 a awa ba, ƙwallayen kuma tashoshin gasar na YouTube za su saka su kyauta kafin gari ya waye.