Ribar Da Kika Ci, Kuɗin Wace Ce?

Yau da mu nake, mu matan Nassarawa GRA, masu shiga gidan suna da awarwaron zinare har gwiwar hannu.

A shekarar 2016 da MMM ta cika gari, wa ya kai ta lungu-lungu? Ai Sergei Mavrodi mai abin, wanda tuni aka taɓa ɗaure shi a Rasha kan irin wannan damfara, bai san hanyar Gama ko Tudun Wada ba. Mu muka kai ta. An ce ki zuba dubu 100, bayan wata guda ki kwashi dubu 130, in kuma kin kawo wata a ba ki kashi 10 cikin ɗari na abin da ta zuba. To wannan kashi goman shi ya rufe mana ido.

Ni da idona na ga wata Hajiya maƙwabciyarmu ta zaunar da mai yi mata wanke-wanke, bazawara mai marayu huɗu, tana nuna mata waya, wai, "Ke dai kawo ni zan saka miki, ai kin san ba zan cuce ki ba." Baiwar Allah ta kwashi adashinta, ta sayar da awaki biyun da take kiwo don kayan ɗakin 'yarta, ta miƙa. Ran 13 ga Disamba aka kulle asusun kowa. Daga baya hukumar NDIC ta ce mutum wajen miliyan 3 sun tafka asarar Naira biliyan 18. Ita Hajiya tuni ta zare uwar kuɗinta har da riba. Da matar ta zo tana kuka, buɗar bakinta sai cewa ta yi, "Haƙuri za ki yi, ƙaddara ce."

Ƙaddara? Haba Hajiya, ki ji tsoron Allah mana! Kuɗin nan ba noma aka yi da su ba, ba a saro atamfa da su a Kantin Kwari ba. Na 'yar baya ake ɗauka a ba ta gaba, shi ke nan sirrin. Wallahi awakin marayu kika ci.

Kada ki ce ai abin ya wuce. A watan Afrilun 2025 CBEX ta rufta da jama'a haka nan, riga kawai aka sake mata, wai kwamfuta ce ke yin cinikin. A shekarar ne kuma aka sa hannu kan dokar da ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ga masu kafa irin wannan harka da masu tallata ta. Masu tallatawa fa aka ce, 'yar'uwa, ba masu kafawa kaɗai ba.

Bikin yarinyar nan sai da aka ɗaga shi har sau biyu. Uwar kuwa washegari ta koma bakin famfon Hajiya ta ci gaba da wanke-wankenta, don ba ta da wani wajen zuwa.