Ciwon gwiwa: mu daina sayen sauƙin yini ɗaya da lafiyar ƙodar iyayenmu

Shekara biyu Innata tana shan ƙwaya uku kowace safiya, waɗanda wani mai tallan magani ke ƙulle mata a leda a kan sefa 200. Gwiwarta ta dama ce ke ciwo. In ta sha sai ta samu ta yi ruku'u da sujada, ta hau babur ta je kasuwa. Ni da nake malamin makaranta a nan Garwa, ina gani ban taɓa tambayar sunan ƙwayoyin ba. Sai da ta fara bayan gida baƙi ƙirin, jiri na ɗibarta, muka kai ta asibiti. Likita ya ce gyambon ciki ne yake zubar da jini, kuma diklofenak ɗin da ke cikin ledar nan ne sanadi. Laifin nan har da ni a ciki, shi ya sa nake wannan rubutu.

Abin da muke kira sanyin ƙashi ko amosanin gaɓɓai, a wurin yawancin dattawa guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gwiwa ne yake cinyewa sannu a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum kusan miliyan 528 ne ke fama da wannan cuta, miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa, kuma kashi 60 cikin 100 mata ne. Babu ƙwayar da ke mayar da guringuntsin da ya cinye. Duk wanda ya ce maka yana da ita, kuɗinka yake so.

Diklofenak da ibuprofen suna rage zafi, gaskiya ne, amma shan su kullum na cin ciki, yana ɗaga hawan jini, yana gajiyar da ƙoda. Ku tuna zafin Garwa a watan Maris da Afrilu, da yake wuce digiri 40. Tsohuwa mai ƙarancin ruwa a jiki, wataƙila ma tana azumi, ta ɗora waɗannan ƙwayoyi a kai, ƙodarta ce za ta biya. Tramol kuwa mun ga abin da ya yi wa samarinmu, bai kamata mu kai shi ɗakin iyayenmu ba tare da takardar likita ba.

To me za a yi? Da farko a je a duba, a san irin ciwon. Gwiwar da ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi, ga zazzaɓi, wannan ta asibiti ce a ranar, kada a kai ta wurin wanzami a tsaga. In kuwa cinyewar guringuntsi ce, maganin da ya fi ƙarfi ba a sayar da shi a kanti: motsa jiki ne da rage ƙiba. Mai gashin ƙashi na asibiti, wanda muke ce wa kine, ya koya wa Inna ta kwanta rigingine, ta miƙe ƙafa, ta ɗaga ta, ta ƙirga goma, ta sauke, sau goma safe da yamma. Naman cinya in ya yi ƙarfi yana ɗauke wa gwiwa kaya. Kowane kilo ɗaya da mutum ya rage, gwiwa na samun sauƙin kusan kilo huɗu a kowane taku. Sanda kuma a riƙe ta a hannun da ke ɗaya ɓangaren, ba gefen ƙafar mai ciwo ba. Mun ɗaga mata murhu, mun sa mata mazauni a bayi don ta rage tsuguno.

Magani yana da wurinsa. Na shafawa ya fi na haɗiya sauƙin illa. Allurar da likita ke yi a cikin gwiwa na ba da sauƙi na 'yan makonni, ba a yawaita ta. Tiyatar sauya gwiwa tana nan ga wanda abin ya ci ƙarfinsa, sai dai kuɗinta ya fi ƙarfin yawancinmu.

Na san za a ce: Malam, wanda bai da kuɗin ganin likita da na hoton ƙashi, ba dole ya koma ga mai leda ba? Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Shirin inshorar lafiya na bai-ɗaya da gwamnatin Kamaru ta fara a 2023 ya soma ne da ƙananan yara, masu juna biyu da wasu cututtuka kamar wankin ƙoda. Ina roƙon a sa gashin ƙashi a ciki, don hana ƙoda lalacewa ya fi wanke ta araha. Amma mu ma mu yi lissafi: sefa 200 kullum, a shekara 73,000 ke nan.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne kujera. Da na kawo mata ita don sallah sai ta ce: "Kai ɗan nan, ni zan harɗe a kujera gaban Ubangijina kamar matar Lamiɗo?" Ashe don sujadar nan take shan ƙwayar tun farko. Sai da limamin unguwarmu ya tuna mata labarin sahabi Imrana ɗan Husaini, wanda rashin lafiya ta dame shi, Annabi (SAW) ya ba shi damar yin sallah a zaune in ya kasa tsayuwa. Ina kira ga limamanmu su faɗi wannan a huɗuba, da Hausa da Fulatanci, su kuma ajiye kujeru a gefen sahu. Mu kuma mu daina kallon mai kujera kamar wanda ya gaza.

Yau Inna ba ta warke ba, amma tana takawa zuwa gidan maƙwabta da sandarta, ledar nan kuma ta bar gidanmu. Duk mai tsohuwa ko tsoho a gida, yau ɗin nan ya buɗe ƙullin ƙwayarsu ya kai wa ma'aikacin lafiya ya karanta masa sunayen. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.