Gashi Har Gadon Baya: Ƙarata a Gaban Marubuta

Akwai ƙaryar da marubutanmu suka daɗe suna shararawa, har ta zama tamkar gaskiya. Buɗe littattafan soyayyar da suka cika kasuwar Kano tun daga shekarun 1980, ka duba yadda ake siffanta jaruma: fara ce sol, hancinta dogo, gashinta mai santsi ya zubo har gadon baya. Baƙa mai gajeren gashi kuwa, in ta sami shiga labarin, sau da yawa 'yar aiki ce ko muguwar kishiya. Ina tuhumar wannan alƙalami da laifin koya wa 'yar ƙauye raina kan da Allah ya ba ta.

Ni 'yar karkarar Dambatta ce, inda gona ke manne da gona, gida ke jin tarin maƙwabcinsa. A wurinmu gashi yana tafiya da shekarun mace. Ranar suna wanzami ya aske na haihuwa. In sabo ya tsiro har yatsa ya kama shi, sai a fara kalaba. Daga nan yarinya ta san zama tsakanin ƙafafun makitsiya, a tsefe, a wanke da karkashi, a shafa man shanu, kibiya ta tsaga layi. Ranar jajibirin salla a yi shuku ko zane. Iyayen iyayenmu sun yi doka, sun shafe ta da shuni. Duk wannan fasaha an gina ta ne a kan gashi mai ƙarfi, mai murɗewa, wanda ke riƙe kitso mako biyu ba tare da ya warware ba. Abin da ake kira aibu a yau shi ne harsashin gwanintar jiya.

To daga ina jaruma mai zubabben gashi ta fito? Babban rabonta daga finafinan Indiya ne, waɗanda suka mamaye gidajen siliman Kano shekaru da dama kafin a haifi Kannywood. Marubuci ya kwaso ta, mai shirya fim ya ɗora, yanzu kuma waya ta kai ta har ɗakin da babu lantarki. Yarinya 'yar shekara 12 ta kalli madubi ba ta ga kowa daga cikin waɗanda ake yabo ba. Sai ta tara kuɗin tallar gyaɗa, ranar kasuwa ta sayo man miƙar da gashi.

Wani zai ce ado ne kawai, kuma ai kan a rufe yake da ɗankwali da hijabi. Rufin ne ma ya sa barnar ke ɓoyuwa. Da yawa daga cikin mayukan nan suna ɗauke da soda irin wadda ake haɗa sabulu da ita. Tana ƙona fatar kai, tana karya gashi, goshi ya yi ta ja da baya. A shekarar 2022, wani bincike na cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka a kan mata sama da 33,000 ya nuna cewa masu yawan amfani da mayukan miƙar da gashi sun ninka sauran mata haɗarin kamuwa da sankarar mahaifa fiye da sau biyu. Wane irin ado ne wannan?

Wasu al'ummomi sun riga sun farka. A 2016 ɗalibai mata na wata sakandare a Pretoria, Afirka ta Kudu, sun yi zanga-zanga saboda matsin da ake yi musu kan gashinsu na halitta. A 2019 jihar Kalifoniya ta kafa dokar hana wariya saboda gashi. A nan gida, mai ɗaukar hoto J.D. 'Okhai Ojeikere ya fara adana hotunan kitson Nijeriya tun 1968, har ya tara kusan dubu. Su can hukuma ce ta tsangwame su. Mu babu dokar da ta hana mu kitso. Da bakinmu muke yanke wa kanmu hukunci, a wurin biki, a bakin rijiya, da kuma a shafin littafi.

Ban ce mai dogon gashi ta yi laifi ba, domin ita ma halittarta ce. Laifin yana wurin wanda ya mai da siffa ɗaya ma'aunin kyau ga mata miliyoyi. Kayan aro ba ya rufe katara. Marubucin da zai iya cika shafi uku yana kwatanta falon attajiri a Nasarawa, bai da hujjar kasa rubuta sakin layi ɗaya a kan kyan shuku a kan baƙar budurwa daga Makoda ko Kunchi. In bai iya ba, ya je ya zauna gefen makitsiya ya koyi kallo, sannan ya ɗauki alƙalami.