TAYA TA FASHE, AN CE ƘADDARA CE

Jama'a, duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Katsina, tun daga Gidan Mutum Ɗaya har ya wuce Kankiya ya doshi Charanchi, ya san baƙaƙen tsummokin nan na roba da ke warwatse a bakin kwalta. Kowane ɗaya taya ce da ta fashe ƙarƙashin mutane da kayansu. In an tsira a yi hamdala, in an mutu a ce kwana ya ƙare. Mu ma mun yarda da ƙaddara, amma ba mu yarda a mai da ita bargon rufe sakacin masu iko ba.

Ran 6 ga Maris 1916 ba mu nan, amma ran 6 ga Maris 2016 muna nan da ranmu, muka ji labarin Ƙaramin Ministan Ƙwadago, James Ocholi. Tayar motarsa ta fashe a hanyar Kaduna zuwa Abuja, ya rasu shi da matarsa da ɗansa. Allah ya ba iyalinsa haƙuri. Nan da nan hukumar kiyaye haɗurra ta tashi tsaye, aka cika rediyo da wa'azin taya. Ashe dai an san abin yana kisa! To, ina wa'azin yake sa'ad da akori-kura ta kife da 'yan kasuwarmu da buhunan gero?

Ku dubi inda tayar talaka ke fitowa. Da can ana yin taya a ƙasar nan. Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi bayanta a Ikko a 2008. Sabuwar taya ta fi ƙarfin direban da ke neman na cefane, sai ya koma ga ta gwanjo, wadda wata ƙasa ta gama cin moriyarta ta yar. Doka ta hana shigo da irinta. Ga ta kuwa jibge a kasuwa, kowa na gani. Ta sama ta faɗo? Ta iyaka ta shigo, a gaban masu kaki. Wasu ma don su rage kuɗin dako, cusa taya suke yi cikin taya, har wayoyin da ke bakinta su lanƙwashe tun ba ta taɓa ƙasa ba. Sa'an nan a tare direba a hanya a ce tayarsa ta suɗe, a ci shi tara. An bar jaki ana dukan taiki.

Amma wanda ya fi ba mu tausayi shi ne wanda ba a ko ambatonsa, watau yaron mai faci. Ƙaramar mota iskar 30 zuwa 35 take sha a geji. Babbar mota kuwa tana shan 100 ko fiye. Tsofaffin manyan motoci da yawa ƙarfen tayarsu ba guda ba ne, akwai zoben ƙarfe da ke kulle ta a gefe. In zoben ya yi tsatsa, ko ya tanƙware, ko bai zauna daidai ba, iska na cika sai ya yi tsalle kamar an harba igwa. Wa ke durƙushe a kansa riƙe da tiyo? Yaron da ubansa ya kawo koyon sana'a, mai gida yana can yana ciniki da direba. Ƙarfen nan ba ya neman ƙafa, fuska da ƙirji yake samu.

Akwai kuma ɗabi'u biyu da muke roƙon 'yan'uwanmu masu faci da masu walda su bari, domin ba za mu ga laifin na sama mu rufe ido ga namu ba. Kada a yi wa ƙarfen taya walda alhali taya na jikinsa, ko da an sace iskar. Zafin yana dafa robar daga ciki, tana iya fashewa bayan an kashe wuta, mutane sun saki jiki sun matso. Kada kuma a zuba fetur cikin taya a ƙyasta ashana wai don bakinta ya kama. Wannan ba gwaninta ba ce.

Maganin zoben nan ba asiri ba ne. Keji ne na ƙarfe mai kauri, a tura taya ciki kafin a ba ta iska, da dogon tiyo mai kama bawul da kansa, domin mai ba da iska ya tsaya nesa, daga gefe. A Amurka tun 1980 doka ta tilasta wa masu aikin irin wannan taya su yi haka. Mu nan fa? Maƙeranmu na Kankiya da Kusada za su iya haɗa shi, ƙarfen ne ke da tsada. Kullum ta Allah ana yankar tikiti a tasha, ana karɓar kuɗin rumfa da na tebur a kasuwa, har mai tallan ƙosai ba ta tsira ba. Kuɗin keji ɗaya a kowace tasha bai kai abin da ake kashewa a liyafar rana guda ba. Muna so a gaya mana inda kuɗinmu ke shiga.

Kafin su amsa, mu da ke hawa motocin nan mu buɗe ido. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu a jere: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In kun ga 2318, an yi ta a mako na 23 na 2018. Hukumar kiyaye haɗurra ta ce shekara huɗu ne wa'adin taya. A gwada iska da safe tun taya na da sanyi, da geji, ba da dukan ƙarfe ana sauraron ƙara ba. Ƙarancin iska da yawan lodi su ke dafa taya a zafin bazara. Ɗan kasuwar da ya matsa a ƙara masa buhu biyar a kan lodi, a kan tayar da zai zauna ya ƙara su.

'Yan jam'iyya na kowace gunduma, ku zagaya tashoshinku wannan mako, ku ƙirga rumfunan faci, ku rubuta nawa ke da geji mai aiki, nawa ke da keji. Ku aiko mana da lissafin, za mu buga shi gari gari, mu kai wa kansiloli kwafinsu hannu da hannu.