Mai shagon taki yana da littafi, kai kana da "na riƙe a kai"

1/ Matasan Funtua, Malumfashi, Bakori, Kafur da Danja, yau da ku nake, kuma ban zo lallashi ba. Tambaya ɗaya ce: buhun masarar da ka sayar bara, nawa ya ci maka tun daga sharar gona har ya hau mota? Kuɗin da aka ba ka a kasuwa na san ka riƙe su. Wanda ka kashe nake tambaya.

2/ Duk majalisar da na jefa wannan tambayar, amsa ɗaya nake samu: "Ai alhamdu lillahi, an samu." Alhamdu lillahi kullum, malam. Amma an samu nawa? Sai ka ga mutum ya kalli sama yana lanƙwasa yatsu, ya tuna taki, ya manta feshi, ya tuna feshi, ya manta 'yan ƙwadago.

3/ Mu lissafa tare. Hayar gona. Huɗa, ko da tarakta ko da shanu. Iri. Maganin ciyawa da ladan mai feshi. NPK, sannan yuriya. Noma da banƙasa. Abincin 'yan aiki. Man babur na zirga-zirga, wanda tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023 ya daina zama ƙaramin abu. Karya, injin casa, buhunan da kansu, zare, dako, mota, la'ada. Wata biyar ana zarar kuɗi kaɗan-kaɗan, wai duk kai ne zai riƙe?

4/ Kai bai iya wannan aikin. Tun 1956 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, George Miller, ya nuna cewa abin da mutum ke iya riƙewa a lokaci guda bai wuce kamar guda bakwai ba. Kuma kai yana da son kai: yana ajiye ranar da aka ƙirga maka kuɗi a hannu, ya watsar da dubu biyu-biyun da suka riƙa sulalewa.

5/ To ga abin da ke ƙona mini rai. A duk harkar nan, kai kaɗai ne ba ka rubutu. Mai shagon da ya ba ka taki bashi zuwa kaka yana da littafi. Dillali a kasuwar Dandume yana da nasa. Mai sito ya rubuta buhunan da aka ajiye. Mai POS ma yana da 'yar takardarsa. Kai da ka sha rana da ruwan sama, "na riƙe a kai."

6/ Ranar da gardama ta tashi fa? Shi ya ce buhu biyar ne, kai ka ce huɗu. Shi ya buɗe shafi da kwanan wata, kai ka ce "wallahi tallahi". Ko gaban mai unguwa aka je, wa kake jin za a saurara? Ban ce duk mai littafi macuci ba ne, da yawansu mutanen kirki ne. Amma ko mutumin kirki ya yi kuskure a littafinsa, kuskurensa ne zai zama gaskiya, tunda babu wani littafin da za a gwada da shi.

7/ Kuma wannan tsohon labari ne a yankin nan. A 1975 aka fara aikin raya noma na Funtua da kuɗin Bankin Duniya, tare da irinsa a Gusau da Gombe, kuma har Malumfashi ya shafa. Ma'aikata suka bi gonakin kakanninmu da ma'auni da takarda. Rahotannin na can a ajiye. A gidanku akwai takarda ɗaya da ta nuna abin da gonar gado ta bayar a 1980? A 2015 ma fa?

8/ Haka da Babban Bankin Najeriya ya fito da shirin Anchor Borrowers a Nuwamba 2015. An ba manoma iri da taki da magani a matsayin bashi, an ɗauki suna da BVN. Ɓangaren da ya bayar ya rubuta komai. Ka tambayi wanda ya karɓa a kan nawa aka ƙiyasta masa kowane buhu, ka ji ko zai iya faɗa.

9/ Na san abin da za a ce. "Haba, tsakanina da Baffa sai na ɗauko biro? Ai rashin kunya ne, kamar ban yarda da shi ba." To ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take magana, har da shaidu. Ga mutanen da suka fi mu amana aka fara saukar da ita. Kunyarka ta fi tasu ne?

10/ Ni a ganina ma rubutun ne ke tsare zumunci. Gidaje nawa ne aka daina gaisawa saboda jinginar gona da aka yi da baki, waɗanda suka yi ta suka rasu, 'ya'ya suka gaji rigima? Kunyar minti biyu aka guje wa, aka sayi gabar shekara ashirin.

11/ Sai masu cewa "noma ai na Allah ne, ba a yi masa lissafi." Ruwan sama na Allah ne, babu musu. Amma zakkar amfanin gona da kanta lissafi ce: ɗaya bisa goma ga abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya bisa ashirin ga na ban-ruwa da wahala. Sai ka auna kafin ka fitar. Ka daina fakewa da tawakkali kana ɓoye lalaci.

12/ "Iyayenmu ba su rubuta ba, kuma sun ci sun sha." Na farko, da yawansu sun rubuta, da ajami. Na biyu, Baba ya yi noma da takin gida da irin da ya ajiye a rumbu da hannun 'ya'yansa. Kai komai saya kake yi, har ruwan da 'yan aiki za su sha. Nomanka kasuwanci ne, ko ka yarda ko kar ka yarda.

13/ Ku tuna abin da ya faru kwanan nan. A 2024 masara ta yi tsada, kowa ya ga kansa Alhaji, aka sayi babura da wayoyi. A Yulin shekarar gwamnatin tarayya ta sanar da janye harajin shigo da wasu kayan abinci, har da masara, na kwana 150. Zuwa 2025 farashin hatsi ya faɗo, taki bai biyo shi ba. Mai littafi ya san farashin da in ya sayar ƙasa da shi ya faɗi, sai ya yanke shawara: ya ajiye, ya rage gona, ko ya koma waken suya. Marar littafi sai da damina ta kama, kuɗin taki suka gagara, sannan ya gane.

14/ Abin haushin shi ne mu ne masu boko. Mun yi sakandare, wasunmu har digiri. Muna iya zuba sharhi ɗari a rana kan siyasa da ƙwallo, amma layi ɗaya na "yau na ba mai feshi kaza" ya gagare mu.

15/ Kar ka ce mini yana cikin waya. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, caji yana ƙarewa, ka canza wata komai ya tafi. Ka sayi littafi irin na 'yan firamare da biro. Kwanan wata, abin da aka yi, nawa, wa aka ba. In kana so ka ɗauki hoton shafin ka tura wa kanka a WhatsApp. Da Hausa, da ajami, da rubutun kaza, duk ɗaya.

16/ Shafin farko kuma ka bar wa niyya. "Bana zan yi ƙoƙari" ba niyya ba ce, hira ce. Rubuta: gona kaza, buhu kaza nake nema, taki ya shigo gida kafin ƙarshen Mayu, kaza na ci, kaza na sayarwa, kaza na kuɗin makarantar ƙanne. Da ka gan shi a rubuce za ka ga inda bai haɗu ba tun a Maris, lokacin da akwai sauran dabara.

17/ 'Yan mata da matan aure, ban tsallake ku ba. Mai adashe, mai kiwon tumaki, mai sayen waken suya tana yin awara: Hajiya uwar adashe tana da littafinta, ke ina naki? Zubi nawa kika yi, kwasa ta wa ce a wannan makon?

18/ In kuma za ka karɓi taki bashi bana, kafin a ɗora buhun a babur ka buɗe littafinka a gaban mai shagon. Rubuta adadi, farashi, ranar biya, da ko kuɗi za ka biya ko masara, in masara ce a kan wane farashi. Ka karanta masa ya ji, ya sa hannu, wani na kusa ya shaida. In ya ɓata rai don ka rubuta abin da shi ma yake rubutawa, ka sauke buhun ka nemi wani shagon.