Ra'ayinmu: Waƙoƙin Turanci da Darasin Ingilishi a Firamare

Duk malamin da ke koyar da Ingilishi daga aji huɗu zuwa shida ya san wannan abin mamaki. Yaron da ya kasa haɗa jimla guda a littafin aikinsa, shi ne za a ji a filin wasa yana rera waƙar Turanci da ya tsinta a wayar yayansa, baiti bayan baiti, babu tuntuɓe. Wasu daga cikinmu suna ɗaukar wannan a matsayin lalacewar tarbiyya kawai. Mu a wannan reshe muna ganin ya dace a tsaya a duba, domin kunnen da ya riƙe waƙa cikin kwana biyu ba na daƙiƙi ba ne.

Koyon nahawu ta hanyar waƙe ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Malaman zaure sun daɗe suna karantar da Alfiyyar Ibn Malik, wadda ta tattara nahawun Larabci cikin baiti kimanin dubu ɗaya. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya tsara nahawu a waƙe cikin Bahrul Muhiɗ, ya tsara sarfu cikin Hisnur Rasin. Sun san cewa kari da amsa-amo su ne ƙugiyar da ke riƙe kalma a ƙwaƙwalwa.

Amfanin waƙa ga ɗalibinmu ya fi bayyana wajen furuci. Hausa tana rarrabe ma'ana da karin sauti da tsawon wasali, shi kuwa Ingilishi yana ɗora nauyi a kan gaɓa ɗaya ta kalma, ya sassauta sauran. Wannan abu ne da alli ba ya iya nunawa a allo, amma yaro yana kama shi idan ya rera. Haka bambancin "p" da "f", wanda ya daɗe yana wahalar da mu har mu malamai. Sannan amshi yana maimaituwa sau da yawa, don haka aikatau marasa bin ƙa'ida, irin su "go" da ke komawa "went" ko "take" da ke komawa "took", suna zauna wa yaro ba tare da tsawa ko bulala ba.

Sai dai mawaƙi ba malamin nahawu ba ne, kuma bai yi wa kowa alkawarin zama hakan ba. Waƙoƙin Amurka cike suke da "ain't" da "gonna" da "he don't", da korewa biyu a jimla guda. Na gida kuwa, irin na Burna Boy da Wizkid da Davido, galibi cuɗanya ne na Ingilishi da buroka da Yarbanci. Ba mu raina buroka ba. Harshe ne mai tsarinsa, har BBC ta buɗe masa sashe a 2017. Amma mai gyaran takardar WAEC ko NECO ba zai karɓi "wetin" ko "dey" a insha'i ba, kuma Ingilishi darasi ne na dole a jarrabawar JAMB. Tushen wannan duka a hannunmu ake aza shi, tunda bugun 2004 na Manufar Ilimi ta Ƙasa ya sanya Ingilishi harshen koyarwa daga aji huɗu. Yaron da ya bar firamare bai san bambancin Turancin waƙa da na takarda ba, zai ɗauki wannan ruɗanin har zauren jarrabawa.

Ga kuma maganar iyaye. Da yawa daga cikin waƙoƙin nan suna ɗauke da batsa da yabon shaye-shaye, kuma uban da ya ji ɗansa ya dawo gida da irin wannan daga bakin malami yana da haƙƙin yin fushi. Saboda haka zaɓin waƙa aikin malami ne, da sanin shugaban makaranta da kwamitin iyaye. Kiɗan ma ba dole ba ne. A ajin da babu lantarki, baiti huɗu masu tsabta da aka rubuta a allo sun isa. A share wasu kalmomi yara su cike gurbi, a sa su ja layi a ƙarƙashin aikatau, sannan a zo ga wurin da ya fi amfani: a nuna musu inda mawaƙin ya karya ƙa'ida, su mayar da jimlar yadda za a rubuta ta a wasiƙa. Minti goma cikin darasi ya wadatar. Sauran lokacin na karatu ne da rubutu, domin waƙa ba ta koya wa kowa harhaɗa baƙaƙe, kuma ba za ta maye gurbin littattafan da har yanzu muke jira ba.

Muna kira ga hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma da SUBEB da su sanya wannan dabara cikin bitar da ake yi wa malamai, kada mai duba makarantu ya tarar da aji yana rera baiti ya rubuta cewa malami yana wasa da aiki. 'Yan uwa da suka riga suka gwada, muna roƙon su zo taron reshe na gaba da baitocin da suka zaɓa da littattafan aikin yaran, a duba su tare.